Hannun Daman Idirisa

Idirisa mutumin Jiratawa ne, manomin rani, kuma tun tasowarsa bai san cin abinci shi kaɗai ba. Da magariba kowane magidanci a unguwarsu zai fito da akushinsa ƙofar gida, a haɗa, a ci tare. Haka suka gada. Wanda aka daina gani a wurin ciyayya, to ko ba shi gari, ko kuwa yana kwance.

Shi Idirisa yana gari, kuma ba a kwance yake ba. Faɗowa ya yi daga amalanke da kayan zogale, hannun dama ya karye daidai gwiwa. Maɗori ya ɗora, ƙashi ya kama sarai, amma da aka kwance karan sai yatsu suka ƙi tashi. Ba su damƙa, ba su yanke loma. Dattijo kuwa ba ya sa hagu a kwanon jama'a. Sai ya koma cin tuwo a ɗaka, ƙofa a saye, hannun kuma ya ɓoye shi cikin riga.

Ɗansa Hamidu direban babbar mota ne, kullum yana hanya. In ya kira a salula ya ce, "Baba, ya hannu?" amsar ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Haka aka hore mu, mara lafiya ba ya cewa babu sauƙi, sai ka ce yana ƙarar Ubangijinsa. Damina ta shiga ta fita, wata ta sake zagayowa, ana da sauƙi. Ran da Hamidu ya zo ya miƙa hannu su gaisa, uban ya ba shi tsintsiyar hannu, yatsun na reto, tafin ya motse kamar busasshiyar kuɓewa.

Tanimu, taubashin Idirisa, ya tarar da su suna shirin tafiya asibiti a Maraɗi.

"Amarya, yau an fito daga lalle?" in ji shi. "Mun ce ko sai mun kawo kuɗin sayen baki."

"Kai dai ka ji daɗi, babu mai tsare ma nama."

"Wallahi miya ta daina daɗi. Ka je su gyara ka, ka dawo."

A asibiti aka kai shi ɗakin awon jijiya. Likita ya manna masa wayoyi, ya ce zai ji wuta kaɗan. Ya gwada a hagu tukuna, yatsu suka zabura da kansu. Ya koma dama, ya ƙara wuta, ya sake ƙarawa, hannun na kwance kamar na wani. Sannan ya soka siririyar allura cikin naman tafin hagu, ya cire, ya soka a na dama.

"Baba, damƙe. Da ƙarfi."

Idirisa ya damƙe da haƙoransa, da wuyansa, da duk abin da ya rage masa, har gumi ya keto. Na'urar da ta yi ta ƙara kamar ruwan sama bisa rufin kwano sa'ad da aka soki hagu, yanzu sai ɗan ƙas-ƙas take yi.

"Tun yaushe?" likita ya tambayi Hamidu.

"Bara waccan. Yana ce mini da sauƙi."

Likita ya cire allurar a hankali. Ya ce jijiyar ta yanke tun ranar faɗuwar. Da an zo da wuri, da ana iya aika su Yamai a ɗinke ta. Yanzu naman da take ciyarwa ya riga ya bushe.

Hamidu ya dubi furfurar uban, ya kama shi suka fito.

Aka tura su wurin masu gashin ƙashi da motsa jiki. Wata ma'aikaciya, Tahira, sa'ar 'yar Idirisa, ta murza hannun, ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya don kada su sandare. Idirisa ya jira Hamidu ya fita, sannan ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, in na riƙa zuwa, zai yanke tuwo?"

Tahira ba ta yi masa ƙarya ba, ta ce yatsun ba za su tashi ba. Ta ɗauko wata ɗamarar roba mai aljihu, ta ɗaura masa a tafin, ta zura cokali a ciki.

"Gwiwar tana aiki, Baba. Ɗaga mu gani."

Ya ɗaga. Cokalin ya taho yana rawa, ya wuce baki, ya doki kunci. Ya sake, ya isa.

"Ka gani? Da dama kake ci ke nan."

"Da wannan zan zauna gaban Tanimu?"

"Wasu suna zama."

Ya daɗe yana kallon abin. Ta kwance masa, ya karɓa da hagu ya tura aljihu, ya yi godiya yadda ya kamata.

A bakin asibiti Hamidu ya tada babur, ya ce in sun yi sauri za su riski magariba a gida. Idirisa ya dubi rana.

"Mu biya Sabon Gari wurin gwaggonka tukuna," in ji shi. "Sai an watse daga ciyayya mu shiga gida."