Fuskar Aro

Likita ta gaya wa Munji ƙiri-ƙiri cewa ciwon dajin da ke bayan hancinsa ba ya hutu, don haka gashin da na'ura ke yi wa ciwon kullum ba a tsallake shi. Duk ranar da ya yi fashi, ciwon ya samu sararin tofowa.

Munji ya yarda. Sai dai ran Laraba ragonsa Zilzal zai kara da zakaran ragunan Tunis. Ya kira Hashmi, ɗan'uwansa da aka haife su tagwaye.

"Ba cewa ta yi kada a yi fashi ba? To, ba za a yi ba. Kai za ka je ka kwanta."

Hashmi, bawan Allah, tun suna makaranta shi ke karɓar bulalar Munji, bai taɓa iya ce masa a'a ba. Ya kafa jar hular ɗan'uwansa, ya shaƙe murya, ya shiga asibiti yana tarin ƙarya.

Naziha mai kula da na'urar ta dube shi sama da ƙasa. "Baba Munji, yau kam ka yi kyau. Bismilla, kwanta."

Ta ɗauko ragar robar da ake kifa wa Munji a fuska don kada kansa ya motsa. Ta danna, ta ƙi zama. Kumatun Hashmi, da kuskus ya gina, suka bultso ta ramukan.

"Wayyo hancina, 'yar nan!"

"Baba Hashmi, tashi," in ji ta. "Wannan sabuwa ce. Ta farkon ta yi wa Baba Munji yawa, makon jiya muka sake gwada shi."

Hashmi ya karɓi ragar ya juya ta. 'Yar tsamurarriyar fuska, duk ƙashi. Kullum yana tare da Munji, amma bai ga ramar ba sai yanzu. Tsoro ya kama shi.

Ya iske Munji a filin karo yana shafa wa Zilzal man zaitun a ƙaho. Ya fizge igiyar ragon, ya tura Munji cikin tasi.

"Kai, ragon fa?"

"Ni zan tsaya masa, shi bai san bambanci ba. Wuce, Naziha na jiranka. Da ana karɓar maka wannan, wallahi da tun ranar farko na kwanta."