Banɗakin Daraktoci

Shekara goma sha tara ta yi a sashen kula da gine-gine kafin a kira ta hawa na biyar, inda daraktoci suke. Ranar naɗinta darakta Shugaba ya yi jawabi har muryarsa na rawa, ya ce daga yau mace da namiji duk ɗaya ne a kamfanin nan.

A zaman farko ta gano hawan ba shi da banɗakin mata. Ɗaya ne tak, mai tayil da ƙaton madubi, kowane darakta da mabuɗinsa. Na mata yana can ƙasa, bayan ɗakin ajiya, ga lif ya fi wata biyu a lalace.

Kunya ta hana ta magana. In ta matsu sai ta ce za ta amsa waya. Kafin ta sauka ta hawo, an yanke shawara.

"Ai kin fita, ranki ya daɗe," in ji Daraktan Kuɗi. "Mun ɗauka kin amince."

Sau uku ana haka, sai ta daina shan ruwa ranar taro. Yayarta, ma'aikaciyar jinya, ta ga leɓɓanta a bushe, ta ji dalili, ta ce, "Muƙami za ki riƙe ko fitsari? Buɗe baki ki faɗa musu."

Ta faɗa. Kowa ya duƙufa kan takardarsa. Shugaba ya gyara murya, ya ce magana ce babba, ba a yi mata gaggawa. Ya kafa kwamitin mutum huɗu, duk maza, ya ba su wata shida.

Gyaran gini kuwa har yanzu a hannunta yake. Washegari ta sa kafinta ya canja makullin banɗakin, ta manna takarda: an rufe har kwamiti ya gama awo.

Daraktan Kuɗi mai son shayi ne, ga ciwon gwiwa. Sauka biyu ya yi zuwa banɗakin ƙasa, ya iso ofishinta yana haki.

"Haba ƙanwata, ai ba a haka."

"Wata shida ne kacal, yallaɓai. Ko ka rage shayin."

Cikin kwana huɗu magina suka raba banɗakin biyu. Ɓarinta ya fito ɗan tsugul, madubin kuma ya faɗa nasu ɓangaren. Sai ta kawo nata daga gida.

A ƙarshen shekara wata ƙungiya ta ba Shugaba lambar yabo kan kyautata wa mata ma'aikata. Ita ya roƙa ta rubuta masa jawabin godiya, ta kuwa rubuta.