Mai Ƙarfin ko Mai Sauƙin

Kumburin ya fito wa Mama a gefen wuya, bai fi ƙwan tantabara ba. Ta ce kaluluwa ce, za ta baje. Kafin wata ya zagayo ya kai ƙwan kaza, ga zufa tana jiƙa mata riga, ga zani yana zame mata daga ƙugu. Da ƙyar ni da Yaya muka kai ta asibiti, don a ganinta mara lafiya ɗaya ne a gidan, wato Baba.

Baba kafinta ne. Ya yi shekaru yana ƙera ƙofofi da kujeru kafin ciwon mantuwa ya kama shi. Da farko guduma yake nema alhali tana hannunsa. Daga baya sunayenmu suka ɓace masa, Mama kaɗai ta rage. Ita yake yarda ta yi masa aski, daga hannunta kawai yake karɓar abinci, kuma bai daina kiranta da tsohon sunan tsokana ba, Gajeriya. A da takan rama da cewa, "Dogo da hankali ai dace ne." Tun da ciwon ya same shi ta daina faɗa.

Ranar da sakamakon gwaji ya fito, likitar jini ta zaunar da mu a ɗan ofishinta, ta jawo kujera kusa da Mama.

"Mama, sankara ce ta ƙwayoyin da ke kare jiki daga cuta, kuma irin mai saurin girma ce. Naman da aka yanko ya nuna wani abu kuma. Kowace ƙwaya tana ɗauke da umarnin da take bi. A cikin naki, umarni biyu sun bar mazauninsu sun koma inda bai kamata ba. Ɗaya yana ce wa ƙwayoyin ku yi ta hayayyafa, ɗayan yana ce musu kada ku mutu."

"To ai sun samu duniya," in ji Mama. Likitar ta yi murmushi, mu kam mun kasa.

Ta ce hanya biyu ce. Akwai maganin da aka saba bayarwa: a zo da safe a sa ƙarin ruwa, a koma gida da yamma, sai bayan 'yan makonni a dawo. Yana yi wa yawancin masu wannan sankara aiki, amma mai irin wannan sauyi takan dawo da wuri. Akwai kuma mai ƙarfi, wanda sai an kwantar da mutum kusan mako yana shiga jijiya ba tsayawa, a huta, a sake, har da allura a ƙashin baya don tsare ƙwaƙwalwa. Yana karya garkuwar jiki, zazzaɓi kaɗan sai ya zama babbar magana.

"Mai ƙarfin," in ji Yaya, tun kafin ta rufe baki.

Mama ba ta kalle shi ba. "Likita, mai ƙarfin yana warkarwa?"

"Ba zan yi miki alkawari ba. A abin da muke gani ya fi hana ciwon dawowa. Ko yana ƙara yawan waɗanda ke tsira, masana ma ba su gama daidaita baki ba. Zuciyarki lafiya take, za ki iya ɗauka, kuma shi nake ba ki shawara. Sai dai ciwon ba ya jira."

"In na kwanta a nan, wa zai ba babansu abinci?"

A gida aka yi ta ja. Mama ta kafe a kan mai sauƙin. Yaya ya durƙusa gabanta a tsakar gida ya ce, "Mama, don Allah ki duba. In kika sha mai sauƙin ciwon ya dawo, wa zai ba shi abincin baɗi?" Ta juya tana kallon Baba, wanda ke zaune yana shafa ƙafar teburi da tafin hannu kamar yana neman inda bai yi sumul ba.

Washegari ta kira ni. "Ki zauna ta hagunsa, wannan kunnen ya fi ji. Ki ɗanɗana cokalin farko a gabansa. In ya kau da kai kada ki bi shi, ki yi kamar kin manta da shi." Daga nan na san ta yanke shawarar karɓar mai ƙarfin.

Zagayen farko na maganin ya zo da sauƙi. Tana kwance kusa da taga, jakar magani rataye a kan ƙarfe, tana yi wa nas-nas ba'a. Baba kuwa ya tare a bakin ƙofa yana tambayar duk wanda ya gifta, "Ina Gajeriya?" Cokali uku, huɗu, sai ya ture kwano. Da ta dawo ya kama hannunta ya ƙi saki, har ruwa da hannu ɗaya ta sha.

Bayan zagaye na biyu zazzaɓi ya kwantar da ita. Aka keɓe ta a ɗaki ita kaɗai, bakinta duk gyambo, ba mai shiga sai da takunkumi. Makonni suka shuɗe. A gida Baba ya rage tambaya, sai wata rana na lura ya daina tsayawa a ƙofar. Ya fara cinye abincin da na ba shi. Na yi murna, ban gane abin da hakan ke nufi ba.

Ta dawo ba gira, fuska a kumbure, murya a dishe. Ta shiga ɗaki da sallama. Baba ya miƙe da ladabi, ya share mata kujerar da ya ƙera da hannunsa.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Ki zauna. Matar gidan ta ɗan fita, yanzu za ta dawo."

Mama ta zauna. "Ba komai, zan jira ta," ta ce. Ni ce na fita da gudu.

Ta gama sauran zagayen. Hoto ya nuna ciwon ya tafi, Yaya ya yi kuka a gaban mutane kamar ƙaramin yaro. Gashi ya tsiro, fuska ta koma yadda take, amma Baba bai ƙara gane ta ba. Kullum yana gaishe ta da mutunci, wani lokaci ya ba ta haƙuri kan daɗewar matar gidan. Haka suka zauna har ciwon haƙarƙari ya ɗauke shi, tana riƙe da hannunsa, yana yi mata godiyar ɗawainiya.

Bayan rasuwar na raka ta asibiti a duba jini. Likitar ta yi mata gaisuwa, ta ce komai na tafiya daidai. Mama ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Likita, da mai sauƙin na sha fa?"

"Ban sani ba, Mama. Wataƙila da kina nan, wataƙila da ba kya nan. Shi ma Baba ciwonsa tafiya yake yi, ko kina gida ko ba kya gida."

"Haka ne," in ji Mama. Nas ta shigo da allura. Ta naɗe hannun riga ta miƙa mata hannu.