Babban Yatsan Amama

Bayan sallar Juma'a Kawu Garuba ya shigo wani gidan haya a unguwar Maamobi inda Amama ta fake a ɗakin ƙawarta Salimatu. Akwai takarda a aljihunsa, da ɗan gwangwanin tawada. Mijin Amama, Iddrisu, direban motar hayar da ake kira trotro tsakanin unguwannin Circle da Madina, yana biye da shi, kai a sunkuye. Wallahi Iddrisu ya iya sunkuyar da kai a gaban manya, sai ka rantse ko kaza bai taɓa kora ba.

Ranar Talata ya dake ta. Laraba ta kai ƙara wurin 'yan sanda, suka ba ta fom ta kai asibiti likita ya cike. Litinin za a shiga kotu. 'Yar sandar da ta saurare ta ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye: duka laifi ne a doka, ko da miji ne ya yi shi. Amma in ta kawo takardar janyewa, to za a mayar musu da maganar gida.

Takardar ke nan Kawu ya shimfiɗa a kan tabarma.

"Amama, ni na riƙe ki tun kina tatata," in ji shi. "Duk unguwar Nima maganarki ake yi. Ya ba da haƙuri a gaban liman. Ki dangwala, ki koma ɗakinki, a rufa wa juna asiri."

Amama ta dubi takardar. Tana son Kawu, kuma a rayuwarta ba ta taɓa ce masa a'a ba. Amma tsoron ɗakin nan take ji har cikin ƙashinta. Hannunta na dama na ɓoye cikin mayafi, na hagu ya riƙe 'yarta Nafi da ke barci a cinyarta.

Salimatu, wadda ta yi boko, ta ɗaga takardar ta karanta, ta taɓe baki.

"Kawu, nan cewa aka yi santsi ne ya kwashe ta ta faɗa kwata."

"Mai rubutun wasiƙa ya ce haka ake rubutawa," in ji Kawu, bai dube ta ba. Ya buɗe gwangwanin. "Kawo hannu, 'yata."

Amama ta miƙa masa. Ya janye mayafin, sai ya yi turus. Babban yatsan na ɗaure da karan ɗori, hannun ya kumbura suntum har wuya, ya yi baƙi. Ashe Kawu bai gani ba. Ce masa aka yi ɗan mari ne kawai.

Daga tsakar gida ana jin wata tana kankare tukunyar wake da shinkafa.

Iddrisu ya yi gyaran murya. "Ai na hagu ma yana yi, Kawu."

Ji mutum! Amama ta ɗago ta dube shi, karon farko tun Talata. Muryarta ta fito sarai.

"Kawu, ka tuna bara? Kai ka kawo irin wannan takarda, na dangwala da wannan yatsa, na koma. Ranar Talata da ya kama hannuna, shi ya zaɓa. Ya ce yatsan da ya san hanyar 'yan sanda ne, ya lanƙwasa shi har na ji ƙararsa." Ta mai da idonta kan Kawu. "In na ba ka na hagu yau, baɗi da me zan dangwala maka?"

Kawu ya ƙura wa yatsan ido. Ya daɗe yana riƙe da hannun, a hankali, kamar mai riƙe da ƙwai. Sannan ya mayar mata da mayafin a kai, ya rufe gwangwanin tawadar.

"Salimatu," ya ce, "ƙarfe nawa ake shiga kotun nan ran Litinin?"