Agogon Ɗan Fari

Da likitan Tanut ya ce wa Madam Zuhaira zuciyarta tana tsallake bugu, sai an riƙa sa mata ido, mutum ɗaya ta gaya wa: Ramla, autarta, mai aiki a Yamai. To, abin da auta ta ji, dangi sun ji. Kafin wata ya mutu agogo biyu sun iso gidan, irin na zamani masu auna bugun zuciya.

Na Ramla a mota ya zo cikin kwali mai santsi, salula na biye da shi: "Umma, kin buɗe? Umma, kin ɗaura?" Ɗayan kuwa Safiya ce ta shigo da shi, ƙanwar marigayi mijinta da suke zaune gida ɗaya.

"Mai Balbeji ne ya tsaya a ƙofa. Ya ce a ba Yaya."

Mai Balbeji shi ne Attahir, ɗanta na fari, mai yi wa dabbobi allura a can. Tun da aka yaye shi aka miƙa wa kakarsa a Gangara. Bai taɓa ce mata Umma ba, sai Yaya, ita ma sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Kunyar ɗan fari ke nan. Zuhaira ta koyar da 'ya'yan mutane har ta ajiye alli, ta kira sunan kowane ɗa a aji da ƙarfi, ta musa wa sufeto, ta musa wa masu camfi, amma wannan al'ada ɗaya ta haɗiye ta ba tauna. Yanzu ga likita yana zancen zuciya, ga ɗa furfura ta fara leƙa gemunsa, bai taɓa jin yabo daga bakin uwarsa ba.

Safiya ta ce, "Ai babu wani zaɓi. Na auta za ki ɗaura. Wancan a jefa akwati, ya ji an karɓa, shi ke nan."

"Wa ya ce?"

"Haka muka tarar."

"Mun tarar da kurkunu ma a tabki, ai ba mu riƙe shi gado ba."

Zuhaira ba ta ba da maki sai ta yi jarrabawa. Ta ɗaura ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ta shiga harkokinta. Na Ramla ɗan gaban aji ne: yana amsa kira, yana faɗin yadda ta yi barci, fuskarsa tar ko a tsakar rana. Sai dai shagwaɓaɓɓe ne, kullum yana neman caji, kuran ɗin Tanut kuwa, wato wutar lantarki, zuwa yake lokacin da ya ga dama. Har girgiza mata hannu yake tana tsakar lazimi, wai ta tashi ta taka. Na Attahir baƙi ne, ba ado, lambobinsa manya har ba ta neman tabarau, batirinsa kamar raƙumi, in ya sha sau ɗaya sai a manta. A kan bugun zuciya bakinsu kusan ɗaya, ta tabbatar da yatsunta.

Ita dai ba ta ruɗin kanta: na Ramla ya fi iya abubuwa.

Wajen alwala ta lura da abin da ya raba gardama. Maɗaurin na Ramla, ko a hujin ƙarshe, yawo yake a hannunta, shi ya sa awon kan ɓace. Na Attahir kuwa zaune yake daram. Ta juya shi ta duba. Hujin da take sakawa ba na kamfani ba ne, bakinsa a ƙone yake, aikin ƙusa mai zafi. Mutumin da idonsa ba ya wuce ƙafarta in ya zo gaisuwa, ashe ya san yadda hannunta ya rame.

Ranar Juma'a matan unguwa suka cika tsakar gida, sun zo duba ta. Attahir ya yi sallama, ya durƙusa can nesa kusa da randa, inda ya saba.

"Yaya, ya jiki?"

Ta janye mayafi daga hannunta, baƙin agogon ya fito fili.

"Attahir."

Mata suka kalli juna. Shi kansa sai da ya waiwaya bayansa.

Safiya ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Zuhaira, tsufa ne, ko agogon ne ya taɓa miki kai?"

"Ɗana nake kira, Safiya, ba mijin wata ba. Attahir, wa ya huda maɗaurin nan?"

"Ni ne. Na ga kamar... zai yi yawa."

"Ashe kana kallo." Ta ɗaga hannun ta nuna wa mata ɗaya bayan ɗaya, yadda take nuna wa aji littafin wanda ya zo na ɗaya. "Ku gani da kyau. Har Damagaram ya je ya zaɓo, ya tuna idona, ya tuna kuran ɗinmu, ba wanda ya aike shi. Ni na haife shi, in akwai wadda ta manta."

Wata tsohuwa ta rufe baki tana dariya. "Auta fa? Za ta yi fushi."

"Auta ta sha yabo tun tana goye, har ya ginshe ta. Nata zan mayar mata, ita ke da kuran. Kai kuma matso, ka nuna mini inda ake dannawa."

Ta san inda ake dannawa sarai. Attahir ya taso kansa a sunkuye, mutumin da ke kayar da bijimi da igiya ɗaya, ya kama hannunta da yatsu biyu kamar zai fashe. Ya danna. Lambobin suka fara hawa.

"Yaya, ya hau fa," ya ce.

"Bar shi ya hau," in ji ta. "Wannan ba na likita ba ne."