Saniyar da Ta Ƙi Fita Daga Gilashi

Ku gafarce ni tun kafin mu yi nisa. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya, shi ma a bayan ƙyaure nake yinsa don kada Inna ta ce na bar wanke-wanke. Wannan ne na farko da na taɓa rubutawa, kuma sau huɗu ina yagewa. In kun ga na yi tuntuɓe, ku ɗauke kai.

"A hankali mana! Ku kama ta ƙasa, ba buhun gero ba ne!"

Muryar Atiku ce, maƙwabcinmu mai sayar da takalma a kasuwar Dutsin-Ma. Na leƙa ta kan katanga na ga maza uku suna sauke wani faffaɗan abu daga a-daidaita-sahu, an naɗe shi da tsohuwar katifa an ɗaure da igiya.

"Filasma ce, inci hamsin," in ji Atiku, yana share zufa. "Daga Kurfi na ɗauko ta. Gidan kallon ƙwallo ne ya rufe, mai shi ya ce ta cika shan wuta. Wallahi kamar kyauta ya ba ni."

"Araha dai ba ta ado," in ji mai keken.

"Kai dai kama, ba shawara na ɗauko ka ba."

A bakin zaure Baffa Ilu na zaune a kan buzu, ya karkata kai yana saurare. Shi ne mahaifin Hussaina, matar Atiku. Shekara guda da rabi ke nan da ya baro rugarsu ta wajen Barkiya, bayan ɓarayin daji sun kore masa shanu, sun kuma harbe ɗansa na fari, Mahmuda, da ya bi sawunsu. Da sanda da buta ya iso, sai yanar ido. Likita ya ce na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma bai fi 'yan watanni ba.

A wayar Hussaina akwai wani ɗan bidiyo da ta ɗauka da ta je yawon salla, bai cika minti ɗaya ba, garken Baffa na dawowa daga kiwo. Kullum sai ya ce a kunna masa. Ya kai wayar har kan hanci, ya juya ta nan, ya juya ta can, sannan ya miƙa mata.

"Farin abu dai nike gani shina motsi."

Abin da yake so ke nan a duniya: ya ga bidiyon nan sosai kafin idon ya rufe. Da ya ji an ce akwai talabijin mai nuna saniya kusan da girmanta, sai ya aika aka sayar da karsana ɗaya tak da ta tsira, wadda ke wurin amininsa a gefen Zobe. Atiku ne ya je Kurfi. Da ma ya daɗe yana ƙorafin zaman benci a gidan kallo.

Washegari Hussaina ta shigo gidanmu ta gai da Inna.

"Inna, aron Surayya na zo. An ce sai da kwamfuta hoton zai hau, ita kuma tana da ita."

Kwamfutar ta karatuna ce, ina aji biyu a jami'a, lokacin muna hutu. Na ɗauke ta na bi Hussaina kaina a ƙasa. Ni ko gaisuwa da baƙi sai na shirya kalmomin tun daga ɗaki.

Talabijin ɗin ya cinye rabin falonsu. Na leƙa bayansa, ƙura da sauran ɓawon gyaɗa. Ramin da ya dace da kebul ɗina ya karye ciki. Sai wani tsohon rami mai shuɗi, mai ƙananan huji. Na ce sai an samo kebul mai shuɗin kai da kusoshi biyu.

"Ke kuma 'yar boko, abu kaɗan sai kin ƙaro mana sayayya," in ji Atiku.

Kwana biyu ana nema a layin masu waya kafin a samu. Ranar da aka samu aka ɗauke wuta. Atiku ya tada ƙaramin janaretansa, ana kunna filasma ya yi tari ya mutu. Baffa ya laluba sandarsa ya koma zaure.

Rana ta huɗu da hantsi wuta ta dawo. Na ɗaure kusoshin, na kwafo bidiyon daga waya, na danna. Gilashin ya yi shuɗi, ya yi baƙi, sai ga shanu sun cika bango.

Baffa ya matso da gwiwa har sai da zafin gilashin ya taɓa fuskarsa. Ya rufe mataccen idon da tafin hannu.

"Nyale," ya ce a hankali, yana kiran shanun da sunayensu. "Ga Wule can, ta rame. Wancan bijimin ni na karɓi haihuwarshi."

Ya yi musu wani kira daga maƙogwaro, irin wanda ban taɓa ji ba. Atiku ya fashe da dariya.

"Baffa, ba su jin ka! Sai dai ka bi su ciki."

"Sake, ɗiyata," in ji Baffa.

Na sake. Sau tara muna kallo. A na goma ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan. A'a, koma baya kaɗan. Wajen Saige, mai dogon ƙaho. To, nan. Ana iya barin shi hakanan?"

Na ce ana iya. Na tsayar da hoton a kan wata farar saniya mai ƙahoni kamar an buɗe hannu. Atiku ya gaji ya tafi kasuwa. Hussaina ta tsaya bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta kalli mahaifinta ta kalli saniyar, ta koma madafa. Na bi ta neman ruwa na tarar tana goge ido da gefen zane.

"Kin gani ko, Surayya? Ranar da aka kawo gawar Yaya Mahmuda, Baffa ko ɗigon hawaye bai yi ba. Cewa ya yi a yi sauri a rufe, rana na yi. Har yau bai taɓa tada zancenshi ba. Amma ga shi gaban saniya kamar an yi mashi mutuwa."

Na sha ruwa na koma.

Da na zauna sai na lura ba ƙahon yake kallo ba. Idonsa na can gefen hagu, inda gilashin ya kusa ƙarewa. Na duba. Bayan ƙugun saniyar akwai mutum tsaye da malafa, sanda a kafaɗa, rabin fuskarsa a waje, yana dariya ga mai ɗaukar hoto. A waya bai kai ƙwayar wake ba. A cikin bidiyon duka, daƙiƙa biyu kawai ya fito.

Ba sai an gaya mini ko wane ne ba. Na san Mahmuda ɗan fari ne. Na san a wurin Fulani uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya san da zamansa, ko da rai ko ba rai. Na karanta wannan a littafi, na ma rubuta shi a jarabawa na ci maki. Ban taɓa ganinsa zaune a gabana ba.

Ina jin numfashina ne ya canja, don ya juyo.

"Ɗiyata, mi kika gani?"

"Saniya, Baffa."

"Madalla. Saniya ce mai kyau." Ya mai da fuska ga gilashin ya ce, "Ba ta taɓa ba ni wahala ba, tun tana ƙarama. Ko sau ɗaya ban ce mata sannu ba."

Daga ranar kullum da safe nake kai kwamfutar, in tsayar da hoton a wuri ɗaya, in hana ta kashe kanta, in dawo bayan la'asar. Damina ce, wuta na ɗan daɗewa. Unguwa ta samu abin yi. Masu shayi suka sa masa suna Baffa Mai Saniya. Atiku na ta guna-guni an hana shi kallon wasa a gidansa. Hussaina ta daina kai masa fura da kanta, sai ta ajiye a bakin ƙofa. Sau uku na buɗe baki zan gaya mata, sau uku na tuna yadda ya ce madalla, na haɗiye.

Rana ta goma sha uku na je ɗaukar kwamfuta. Hussaina na tankaɗe a tsakar gida.

"Shiga a hankali, barci ya ɗauke shi. Tun azahar aka ɗauke wuta."

Babban gilashin baƙi ƙirin. Ƙaramar kwamfutata ce kawai ke haske da sauran caji, ya jawo ta har kan buzu. Yana jingine da bango, bakinsa a ɗan buɗe, ƙuda na yawo a gefen ƙwaryar furar da bai taɓa ba. Na yi sallama sau biyu. Na kira Hussaina da muryar da ban san ina da ita ba.

Kafin magariba aka kai shi. A zaman makoki na ji wata tsohuwa na cewa, "Baƙin cikin shanu ne ya kashe shi. Bafillace ai dukiyarshi ta fi mashi ɗa." Mata suka ce Allah ya jiƙan rai. Hussaina ta ce amin, idonta a bushe.

Kwana ɗaya bayan sadakar bakwai, ranar Asabar da yamma, Atiku ya aiko a kira ni. Na tarar an kafa dish na kallon ƙwallo a kan rufi, falon cike da abokansa, takalma sun toshe ƙofa.

"Yauwa, 'yar boko. Zo ki goge mana saniyar nan da kika saka."

Na kalli gilashin. Ana buga ƙwallo a kan koren fili, amma a tsakiyar filin ga ƙahoni biyu dishi-dishi, kamar tabon ruwa a bango. Na gaya masa, ina in'ina, cewa irin wannan talabijin in hoto ɗaya ya daɗe tsaye a kansa yakan ƙone gilashin, kuma ba ya gogewa.

"Ba ya mi? To wallahi tsohon nan ya gama da ni. Ya tafi ya bar mana saniya a tsakiyar fili!"

"Ka sa ta a gola mana," in ji wani, "ƙahon nan ba ƙwallon da zai wuce."

Suka kwashe da dariya. Hussaina ta miƙo butar shayi ta bayan labule, ba ta leƙo ba.

A can gefen hagu, inda ba wanda ke kallo, akwai wani ɗan zagaye mai kama da malafa, da siririn layi a ƙarƙashinsa. 'Yan wasa suna ta gudu ta cikinsa suna fita. Aka ci ƙwallo, falon ya tashi tsaye da ihu. Na tsuguna na lalubo silifas ɗina a ƙarƙashin takalman maza, na riƙe su a hannu, na bi ta zaure. An naɗe buzun an jingine a bayan ƙofa, sandar na kansa.