Ɗigon Shinkafar Kawu

Kogi ya cinye gonar Kawu Tofazzal, ya bar masa kwando ɗaya na irin shinkafar kakarmu. Zai koma birnin Dhaka wurin ɗansa, bene hawa na shida, inda ko albasa ba a shukawa. Sai ya tuna yana da ɗan ƙanwa mai digiri uku a garin Mymensingh, wato ni.

Yana so a ajiye irin a rumbun adana iri inda nake aiki, amma rumbun ya cika. Ba sa karɓar sabon iri sai binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ya bambanta da waɗanda ke ajiye. A zanen da kwamfuta ke fitarwa, kowane iri ɗigo ne. In ɗigon Kawu ya ware gefe, ya tsira.

Manhajar farko, wadda kowa ke amfani da ita, ta jefa shi tsakiyar taro. Na ce tsohuwa ce. Ta biyu ta iya launi, amma nan ta ajiye shi. Ta uku tana juya zanen ta kowace fuska, na yi ta juyawa har shayina ya huce.

Shirin, abokiyar aikina, ta leƙo ta bayan kujerata.

"Yaya Mofiz, manhaja kake nema ko boka?"

"Wannan ba ta iya lissafin tazara ba."

"Jiya ma haka ka ce. Ita kuwa waccan me ta yi maka?"

"Ba ta da ladabi."

Ta yi dariya, sannan ta daina. "Akwai irin shinkafar nan takwas a rumbu. Sunan ne kawai naku."

Na buga wa Kawu waya. Na yi masa bayanin da nake yi wa ɗalibai, har da taro da tazara.

"Kai, ɗan nan, yi mini magana irin ta mutane. Sun karɓa?"

"Ba su karɓa ba, Kawu. Wai tana da 'yan'uwa a can."

Ina jin agwagi a bayansa.

"Injin naka ya sansana ta?"

"Ba ya sansanawa."

"To. Ka zo ranar Juma'a. Ba zan hau bene da kwando ba."

Na je. An surfa shinkafar, an dafa da miyar wake da soyayyen kifi. Ƙamshinta ya kai har gidan maƙwabta. Kawu bai ci ba, ya zauna yana kallon hannuna. Da matarsa ta miƙo ludayi na biyu na yi niyyar cewa na ƙoshi, sai na ga farantina ya riga ni isa wurinta.